Abin Da A Ke Koyo Bayan La'asar A Kwalejojin Dutse

Duk lokacin da manyan makarantun Dutse suka koma karatu, allunan sanarwa su kan cika maƙil da takardu. Wata ta ce za a fara gasar ƙwallo tsakanin tsangayoyi, wata ta ce 'yan wasan kwaikwayo suna neman sababbin hannu, wata kuma tana gayyatar jama'a su zo su ji muhawara ko laccar wani shaihin malami. Galibin masu wucewa ba su tsayawa sai a kan takardar jarrabawa da ta kuɗin makaranta. Iyaye kuwa, in labarin ya kai musu, sai su ce wa yaro, "Mu karatu muka tura ka, ba wasa ba."

Maganar iyaye tana da nata gaskiya, gama ba wanda ya ke sayar da buhun riɗi ya biya kuɗin makaranta don ɗansa ya dawo masa da kofi maimakon takardar shaida. Amma duk wanda ya bi tarihin ilmin zamani a ƙasar Arewa zai tarar cewa rabin abin da ya mai da ɗalibai manyan mutane bayan la'asar aka koye shi, watau sa'ad da aka rufe aji aka fita fili, ko aka taru a zaure. Saboda haka waɗannan takardu na jikin allo sun cancanci a tsaya a karanta su, tun ba ma malaman makaranta da ma'aikatan ofis ba, waɗanda su ne za su karɓi yaran nan in sun gama.

DUTSE JIYA DA YAU

A zamanin En'e Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano. Yaron da ya gama elementare a nan, in yana da rabon ci gaba, sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi wani gari. Makarantar da ta yi suna a wannan yanki ita ce ta Birnin Kudu, wadda a ke kira Kwalejin Gwamnati, inda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatun sakandare. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Cikin 2011 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa sababbin jami'o'i tara a lokaci guda, ɗaya ta faɗo Dutse, 'yan'uwanta suka tafi Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da Lakwaja da Wukari da wasu garuruwa uku na Kudu. Ban da Jami'ar Tarayya ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a cikin gari, ga makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu, ga kuma Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa wadda aka kafa cikin 2013.

To, gini ba shi da wuya in akwai kuɗi. Cikin shekara biyu ɗan kwangila ya iya tsai da ɗakin karatu da ɗakin kwana har ya shafe su da fenti. Abin da kuɗi ba su sayowa ita ce al'adar makaranta, watau irin abubuwan da ɗaliban bana su ke gada daga na bara ba tare da an rubuta a doka ba: ranar da a ke wasan kaza, kofin da a ke ja a kansa, zauren da kowa ya san in an shiga sai an yi magana da ladabi. Tsofaffin makarantu sun daɗe da tara irin wannan dukiya. Na Dutse yanzu su ke tara tasu, kuma abin da aka shuka cikin waɗannan shekaru na farko shi ne za a yi ta girba har jikoki.

ABIN DA MAGABATA SUKA TARAR A KATSINA

Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin watan Maris 1922. Ita ce ta koma Kaduna cikin 1938, ta sake komawa Zariya cikin 1949, har aka raɗa mata suna Barewa. Ɗalibanta ba su da yawa, kayan aikinta kuwa ba su kai na ƙaramar sakandaren yau ba. Duk da haka ba a yi sakaci da wasa ba. Ana buga ƙwallon ƙafa da kurket, ana kuma yin wani wasa da Turawa ke kira fayifs, wanda a ke dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa. Wani malami Bature, Mista Hogben, shi ya kawo shi Arewa cikin shekarun 1920, daga nan ya bazu. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zauna Kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya shahara da wannan wasa, har ya zama Firimiya bai bar shi ba.

Me ya sa malaman wancan zamani suka matsa a kan wasa? Dalili shi ne an tara 'ya'yan sarakuna da 'ya'yan malamai da 'ya'yan talakawa daga Sakkwato da Barno da Bauchi da Ilori da Adamawa, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, wasu ma harshensu na gida dabam. A cikin aji kowa na bisa bencinsa, shi da littafinsa. A fili kuwa dole ɗan sarki ya miƙa wa ɗan talaka ƙwallo in shi ne ke kusa da raga, dole kuma ya tsaya in alƙali ya busa usur ko da ransa bai so ba. Mutanen da suka riƙe Jihar Arewa bayan haka sun san halin juna tun daga nan, sun san mai haƙuri, sun san mai saurin fushi. Jami'ar Tarayya ta Dutse ita ma tana ɗaukar ɗalibai daga kowane sashe na Nijeriya, saboda haka bukatar da ta sa aka share fili a Katsina tana nan ba ta gushe ba.

FILIN WASA

Bisa al'adar jami'o'in ƙasan nan, wasan shekara ya kan faro daga gida. Sashe ya kara da sashe, tsangaya ta kara da tsangaya, a yi ta zubar da waɗanda aka ci har a kai ga biyu na ƙarshe, sa'an nan shugaban makaranta ya fito ya ba da kofi. Daga cikin waɗannan a ke tsamo gwanaye su wakilci makaranta a waje. Gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wadda a ke kira NUGA, an fara ta a Badun cikin 1966, lokacin jami'o'in ƙasar duka biyar ne rak: Badun da Nsukka da Zariya da Ife da Ikko. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu gasar, kwalejojin horon malamai su ma haka. Yaron da ya fito daga Kiyawa ko Jahun ko Gwaram, in ƙafarsa na da gudu, wannan ce hanyar da za ta kai shi inda za a gan shi.

Amma kada hankali ya tafi kan mutum goma sha ɗaya da za su sa rigar makaranta a manta da dubban da ke gefen fili. Ribar wasa ta fi yawa a ƙananan karawa na cikin gida, inda wanda bai iya ba ma ya kan sami shiga. Akwai guje-guje da tsalle-tsalle, akwai ƙwallon raga da na kwando da na hannu, waɗanda ba su cin fili mai yawa. Saurayin da ya yini a zaune yana haddar darasi, in bai sami inda zai zubar da ƙarfin jikinsa ba da maraice, to zai nemi wata hanya, kuma malamai sun san irin hanyoyin da zaman banza ke kai yara, daga shaye-shaye har zuwa miyagun ƙungiyoyi. Garin Dutse kuwa ba baƙon sha'anin wasa ba ne. Marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu cikin Janairu 2023, shi da kansa ya kafa filin wasan golf a garin, ya cika shi da itatuwa.

Akwai kuma wasanninmu na gado, waɗanda sau da yawa a kan bar su a bakin ƙofar makaranta kamar takalmi. Langa ba ta bukatar kome sai fili da ƙafa: kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar, 'yan ƙungiya suna kare wanda a ke kira ruwa har ya kai inda a ke sha, abokan karawa suna neman su ka da shi. Kokawa sai rairayi da makaɗi. Dara kuwa gurabe talatin ne a ƙasa da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, amma tana wasa ƙwaƙwalwa yadda darasin lissafi ke yi. Bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Ikko cikin 1973, ya riga ya karɓi langa da kokawa da dambe cikin jerin wasanninsa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu nisa a nan. Tun 1975, da suka fara a Tawa, su ke yin gasar kokawa ta ƙasa, jihohinsu takwas kowace ta kawo 'yan kokawarta, wanda ya ka da kowa a ba shi takobi, ƙasa duka ta kasa kunne ga rediyo. In kwalejin Dutse ta sa langa da kokawa cikin gasar tsangayoyi, ba za ta kashe kuɗin kirki ba, kuma mutanen ƙauyukan kewaye za su zo kallo da ƙafarsu, su ga makarantar ba ta raina abin da suka sani ba.

WASAN KWAIKWAYO DA ZANE

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa kwaikwayo ba. Tashen da yara ke yi cikin watan azumi wasan kwaikwayo ne sosai, da shiga da waƙa da darasi a ƙarshe, haka kuma wasan gauta da a ke yi a gidajen sarauta, inda a kan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu su yi dariya su kuma gyara. Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu da dandali. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya ke tsara wasanni yana sa 'yan'uwansa su yi, yana nuna halin azzalumai da macuta a cikin raha. Malam Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, kuma yaran makarantu da yawa a kan waɗannan littattafai suka fara koyon tsayawa gaban jama'a ba tare da gwiwa ta yi rawa ba.

A Zariya an ga iyakar abin da ƙungiyar ɗalibai ke iya yi. Cikin 1958 waɗansu samari masu koyon zane a Kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya tasu ta kansu. Ra'ayinsu shi ne su karɓi dabarun Turawa amma su zana abin da ke ƙasarsu da salon iyayensu. Malamansu ba duka suka ji daɗin haka ba, amma yau duk inda a ke ba da tarihin zane a Nijeriya da sunan samarin nan a ke farawa. Cikin shekarun 1970 kuma jami'ar ta gina dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, ɗalibanta suka riƙa fita ƙauyuka suna tsara wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman.

Ɗaliban Dutse ba su da dalilin tafiya nesa neman abin zanawa. A duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin kogo, akwai kuma duwatsu masu amo in an buga su kamar kuge. Mista Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos cikin 1952, ya yi bincike a kansu ya sanar da duniya a tsakiyar shekarun 1950, yanzu kuwa suna cikin kayan tarihin da Gwamnati ke karewa. Masana su kan taso daga ƙasashen Turai su zo su gani. Abin kunya ne a ce yaro ya shekara huɗu a Dutse ya karɓi digiri ya tafi bai taɓa taka wurin ba. Makon al'adu da ƙungiyoyin ɗalibai su kan shirya, inda kowace kabila ke fito da tufafinta da abincinta da rawarta, zai fi armashi in an haɗa shi da ziyara irin wannan, da nunin aikin maƙera da majema da masaƙa na kasuwannin yankin, da gasar rubuta gajeren wasa da Hausa da Turanci.

ZAUREN MUHAWARA

Daga cikin abubuwa uku da ke jikin allo, muhawara ce ta fi ƙarancin 'yan kallo, ita ce kuwa ta fi kusa da aikin da ɗalibai za su yi in sun fita. Cikin 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su kan taru su ɗauki batu guda su yi ta juya shi. Cikin masu zuwa akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, biyun na ƙarshe suna koyarwa a Midil ta Bauchi. An yi magana a kan ilmi da tattalin arziki da tsarin mulkin En'e kansa. Da tambayoyi suka yi zafi, har aka kai ga tambayar yadda a ke yanke albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya isa, zauren ya watse. Amma abin da aka koya a ciki bai watse ba. Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya kawo batun a gyara mulkin En'e, da hujja bisa hujja, cikin lafazin da ba wanda ya iya cewa ya yi rashin ladabi. Shekara goma bayan haka, cikin Oktoba 1960, shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da sunan Nijeriya. A Sakkwato ma ƙungiyar samari irin wannan ce ta fito da Malam Shehu Shagari. A Ingila kuwa ƙungiyar muhawara ta ɗaliban Oxford, wadda aka kafa cikin 1823, ta yaye firayim ministoci da dama, har Benazir Bhutto ta Pakistan ta taɓa shugabantarta tana ɗaliba.

Muhawara dabam ta ke da gardamar bakin kasuwa, abin da ya raba su kuwa ƙa'ida ce. A kan sa shugaba ya zauna tsakiya da agogo da ƙararrawa. A karanta batu a fili cikin jimla guda. Mai goyon baya ya tashi ya yi minti bakwai ko abin da aka yanke, mai suka ya tashi ya yi daidai da haka, sa'an nan mataimakansu su biyo. Ba mai katse wani sai da izni, ba a ambaton asalin mutum ko addininsa ko garinsu, magana a ke kamawa a bar mai ita. Daga ƙarshe a ba 'yan zaure dama su tofa albarkacin bakinsu, alƙalai su ba da maki ko a kaɗa ƙuri'a. Babban sirrin abin shi ne sau da yawa ƙuri'a ce ke zaɓa wa ɗalibi ɓangaren da zai kare, ko da ba shi ne ra'ayinsa ba. Wanda ya taɓa kwana uku yana tattara hujjojin abokin hamayyarsa, da wuya ya sake ɗaukar duk mai saɓa masa a matsayin maƙiyi ko jahili. A zamanin nan da kowane yaro ke riƙe da waya, yana iya zagin wanda bai taɓa gani ba a Facebook kafin ya gama shan koko, ba ƙaramin magani ba ne a zaunar da shi ya saurari minti bakwai na maganar da ba ya so, bakinsa a rufe.

Batutuwa kuwa ga su nan birjik a ƙofar gida. Ambaliyar 2022 ta ci gonaki da gidaje a wurare da yawa na Jigawa: shin laifin ruwan sama ne, ko na yadda a ke sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa, ko na ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin Kogin Haɗeja, ko na masu gini a kan hanyar ruwa? Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi da zoɓo: ya fi kyau a ci gaba da sayar da su ɗanye, ko a hana fitar da su sai an sarrafa? Ga tashar binciken dabino a Dutse: me ya hana dabinonmu ya kori na waje daga kasuwa? Ga zaman manoma da makiyaya, ga karatun allo da na boko, ga koyarwa da harshen gida a firamare. Ɗalibin aikin gona da na tattalin arziki da na kimiyya kowa yana da abin faɗi a nan. Haka kuma laccar da sabon farfesa ya kan gabatar don shaida hawansa kujera, da wadda a kan yi daren bikin yaye ɗalibai, bisa al'ada ƙofarsu a buɗe ta ke ga kowa, ba a biyan ko kwabo.

LOKACI DA KUƊI

Shiri mai kyau ya kan lalace in ba a dubi yanayin ƙasa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne lokacin gudu da ƙwallo da kokawa a wannan yanki, ga sanyi ga kaka ta wuce mutane suna da sukuni. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara ba ya barin a yi wasan kirki sai da sassafe ko dab da magariba, saboda haka watannin nan sun fi dacewa da zaure da dandali da dare. Damina ta kan jiƙa fili, ta kuma janye 'yan kallo zuwa gona. Watan azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, dole mai tsara jadawali ya duba shi tun da wuri, kada a sa wasan ƙarshe a ranar da rabin 'yan wasa ba su sha ruwa ba. Ga kuma abin da ba ya cikin kalanda. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk sa'ad da aka dawo daga irin wannan hutu na dole, a kan matse zango don a cim ma jarrabawa, abin da a kan fara yankewa kuwa shi ne wasa da muhawara. Maganin wannan shi ne hukumar makaranta ta rubuta ranakunsu cikin jadawalin shekara tare da ranakun jarrabawa, ta kuma keɓe maraice guda a mako da ba malamin da zai sa lacca a cikinsa.

Batun kuɗi kuma gara a faɗe shi a fili. A galibin manyan makarantun ƙasan nan akwai kuɗin wasanni cikin abin da ɗalibi ke biya kowace shekara, ƙungiyoyin ɗalibai su ma suna karɓar nasu. Hanyar da ta fi kawo kwanciyar rai ita ce a liƙa lissafi a allon nan guda da aka liƙa sanarwa: ga abin da ya shigo, ga ƙwallo nawa aka saya, ga kuɗin mota, ga saura. Ma'ajin ƙungiyar ɗalibai da ya saba yin haka yana ɗan shekara 20, shi ne za a iya ba amanar baitulmalin ƙaramar hukuma yana ɗan 40. Wanda kuma ya koyi cin kuɗin rigunan ƙwallo, ba a san inda zai tsaya ba.

Sa'an nan a tuna da 'yan mata. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta riga ta ga mace a kujerar shugabanta, watau Farfesa Fatima Batul Mukhtar, daga 2016 zuwa 2021. Ba daidai ba ne a ce ɗalibai mata suna biyan kuɗin wasanni daidai da maza amma rabonsu tafi kawai. A keɓe musu fili da lokaci da malama mai kula, cikin suturar da su da iyayensu za su yarda da ita, a kuma ba su kujera a zauren muhawara da dandalin wasa. Asibitoci da makarantu da kotunan Jigawa suna jiran matan da za su iya tsayawa su yi bayani a gaban jama'a.

RABON MALAMAI DA MA'AIKATA

Ya ku malaman firamare da na sakandare, yaron da bai taɓa miƙewa ya yi magana a ajinku ba, da wuya ya fara a jami'a. Ku kafa ƙaramin zauren muhawara ko da sau ɗaya ne a wata, ku share filin langa, ku nemi izni ku kai manyan ɗalibanku su ga wasan ƙarshe ko su ji lacca a kwaleji, don su san wurin na mutane ne irinsu. Ku kuma akawuna da sauran ma'aikatan ƙananan hukumomi da na masarautu, ku ne kuka san inda takarda ke maƙalewa da inda ruwa ke cin gari. In an gayyace ku alƙalancin muhawara ku je, in ba a gayyace ku ba ku shiga ku zauna a baya, in an ba 'yan zaure dama ku faɗi abin da kuka gani a bakin aiki. Mai hali ya sa kofi da sunan garinsu, kofi guda ya kan shekara 30 ana ja a kansa. In kuma yaro ya kawo takardar neman aiki, bayan an duba sakamakon jarrabawa a tambaye shi abin da ya yi bayan la'asar, gama amsar za ta nuna ko ya taɓa shan kaye ya miƙa wa wanda ya ka da shi hannu, ko ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya mayar da canji.

Iyaye kuma su kwantar da hankalinsu. Sardauna ya buga fayifs, Malam Aminu ya yi wasan kwaikwayo, Malam Abubakar ya yi muhawara, ba kuwa wanda abin ya hana shi karatu a cikinsu. Sharaɗi dai shi ne kowane abu a ba shi lokacinsa, safiya ta littafi, maraice na fili da zaure. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba malamansu haƙurin tarbiyyarsu, amin.